Rasuwar 'Yar Tsegumi ta Kicin Ɗin Mama

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har baki, ni da Yaya da Auta muke sanar da 'yan uwa rasuwar 'Yar Tsegumi, ƙaramar na'urar da muka maƙala a kicin ɗin mahaifiyarmu tun da ta rantse ba za ta bar gidanta ta koma na ɗayanmu ba. Mama ce ta raɗa mata sunan, don aikinta ke nan: da ta ga motsi da asuba, sai wayoyinmu su ce "ƙit", mu san tsohuwa ta tashi lafiya.

Marigayiyar ba ta taɓa neman batir ba. Hasken taga take tsinta da ɗan farantinta, ta tara a cikin kafasita, wani ɗan tulun ajiyar wuta da bai fi kan yatsa ba, ta riƙa lasa har gari ya waye. Ba ta da ƙorafi, ba ta ƙara gishiri a labari. "Ƙit" kawai, shi ke nan.

So ne ya yi ajalinta. Mama ta ga wai baiwar Allah tana shan sanyi a bakin taga, sai ta matsar da ita kan kantar da ke saman murhu, kusa da gwangwanin shayi. Ashe zafi shi ne maƙiyin irinsu. Mai gyaran lantarki ya ce ko lafiyayyar kafasita tana ɗan tsiyayar da wutarta ko ba a taɓa ta ba, amma wadda ta sha zafi tsufa take yi da wuri, yoyon ya fi ƙarfin tarin.

Haka jinyar ta faro. Abin da ta tara da rana ya daina kai ta asuba. "Ƙit" ɗin ya koma sai hantsi, daga baya sai rana ta take. Ran Laraba bai zo ba sam. Na kira Mama, waya na ta ƙara babu amsa. Ban san yadda na isa gidan ba, takalmina ma wari da wari ne. Na tarar da ita a tsakar gida tana shanya, wayar na ƙarƙashin matashi. Na zauna a dokin ƙofa na yi kuka kamar ƙaramar yarinya, ita kuwa ta tsaya tana kallona, jiƙaƙƙen zane a hannu.

Marigayiyar ta bar farantinta da ransa, yana ta tara haske babu inda zai zuba. Ta bar ƙusoshinta a bangon taga, da mu 'ya'yan gida, da muka saba ɗaga waya kafin mu ɗaga kai daga filo.

Za a sauke ta ranar Asabar da safe, a naɗe ta a ƙyallen goge tabarau, a miƙa wa mai gyara ya kai ta inda ake tara matattun kayan lantarki. Zaman makoki a kicin ne, kowa ya zo da kujerarsa. Masu niyyar kawo sabuwa su haƙura, Mama ta hana. Da Yaya ya matsa, cewa ta yi:

"Shekara nawa ina kai da kawo a gaban abin nan da sassafe, ko ba ni da abin yi a kicin, don hankalinku ya kwanta? Na gaji da gaisawa da kantar kicin. Mai son ya san na tashi, ya zo ya buga ƙofa."