Rasuwar Rular Malam Mai Awo

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da fuskar da ta rasa inda za ta ɓuya, malamin nan na sashenmu da ɗalibai ke kira Mai Awo yana sanar da abokan aiki da ɗalibai, na da da na yanzu, rasuwar abokiyar aikinsa, rularsa ta katako. Ni da muke ofis ɗaya ya roƙa in rubuta, don tun da abin ya faru bai iya haɗa ido ko da mai shara ba.

Marigayiya ta shigo jami'a tare da Malam, tun gashin kansa yana baƙi. Miƙaƙƙiya ce, ba ta da son kai, ba ta san ɗan wane ba, ba a taɓa kama ta da cin hanci ba. Ajin Malam irin wanda ɗalibai ke zama har kan taga ne, in an gama jarrabawa takardu sai su kusa taɓo fanka. A nan marigayiya take nuna halinta. Malam zai shimfiɗa ta a kan amsa, ya ga inda rubutu ya tsaya, ya ba da maki daidai tsawonsa. Mu muna makonni muna kashe idanu, shi kafin shayinsa ya huce ya ɗaure ƙunshi guda. Ba za a ambaci waɗanda suka taɓa aronta ba, gidan makoki ba wurin tonon asiri ba ne.

Ba ta da yawan magana. "Shuuu," in tana sauka a kan takarda. "Tas!" a kan tebur, in wani ya ɗaga hannu zai yi tambaya a aji. Da wannan kalma ɗaya ta kashe tambayoyin da Allah kaɗai ya san yawansu.

Mutum ɗaya ce jininsu bai haɗu ba, wata ɗaliba matar aure mai zama a layin gaba, mai amsa a taƙaice kamar sayen kalmomin take yi. Sau biyu marigayiya tana auna ta, sau biyu tana faɗuwa. Ta taɓa zuwa ofis da goyo a bayanta, ta tambaya cikin ladabi a ina ta kuskure. Malam bai ko ɗago kai ba, ya ce ta ƙara ƙoƙari. Dokar jami'a kuwa a fili take: ta faɗi na uku, sai gida.

Ciwon ajali ya fara da ɗan tsagu a tsakiya, sanadin dukan tebur. An naɗa mata salatif, ta ɗan ji sauƙi, ta koma aiki. Ranar da kwana ya ƙare, Malam ya danna ta a kan wata takarda mai kauri, ta ce "ƙwas," ba ta ƙara cewa komai ba.

Malam ya zauna riƙe da gawa biyu, rabi a kowane hannu. Ido ba ya zaman banza, sai ya faɗa kan shafin da ke buɗe, ya karanta. Sharhin wasan ƙwallo ne, tun daga fito da 'yan wasa har busa tashi. A ƙasan shafin ɗalibin da ya rubuta ya gaida rular Malam, ya tambayi ya jiki, ya yi mata fatan tsawon rai. Malam ya jawo takarda ta gaba, ita ma ta gaida rula. Ta gaba ma haka. Ashe al'ada ce, manya ke koya wa ƙanana tun makon farko: ka cika takarda da duk abin da ya zo bakinka, a shafin tsakiya ka gaida mai ba da maki. Kowa ya sani, har masu sayar da takarda a bakin ƙofa. Wanda ake yi dominsa ne kawai bai sani ba.

Ina kallonsa zufa ta jiƙe masa wuyan riga. Sai ya hau tonon ƙunshin yana neman takardar matar nan, ko ya samu mutum ɗaya da har yanzu take ɗaukarsa malami. Ya nemi siririya, bai gani ba. Da ya samo ta, ta fi duk sauran kauri. Rabin shafin farko amsa ce da shi kansa bai taɓa tsara irinta a aji ba. Daga nan sai ta yi ta maimaita tambayar, shafi bayan shafi, har rubutun ya karkace don gajiya. A tsakiya ita ma ta gaida rula. Ta ƙara da cewa Allah ya gani ba halinta ba ne, ta daɗe tana musu da 'yan ajin cewa Malam yana karantawa, amma wannan ce damarta ta ƙarshe.

Ba mutuwar rula ce ta sa Malam ya rufe ƙofa ba, wannan layin ne. Kunya ta kama shi irin wadda ba a wanke ta da ruwa.

Marigayiya ta bar jan biro, wanda sai yanzu ya san wahalar aiki, har tawadarsa ta fara ƙarewa. Ta bar butar shayi da ke hucewa ba a sha ba. Ta bar tarin 'ya'ya masu manyan takardun shaida a ma'aikatu daban-daban, wasunsu malamai ne yanzu, kuma abin da ke hana Malam sakat shi ne an ce da yawansu sun sayi rula.

An yi mata sutura da tsohuwar ambulan. Za a binne ta a aljihun tebur na ƙasa bayan an tashi daga taron sashe, inda Malam zai roƙi a ba shi lokaci ya karanta takardun bana ɗaya bayan ɗaya, a kuma ciro na matar nan na shekarun baya. Ba a buƙatar gudummawa, musamman sabuwar rula. Ita ɗalibar an ɗauke mata zuwa gaisuwa, Malam ne zai taka har ajinsu ya same ta, a gaban waɗanda ta yi musu da su saboda shi.

Masu ta'aziyya za su tarar da farar takarda a bakin ƙofa. Layi ɗaya ya isa. Malam zai karanta.