Yadda Za Ka Gaji Sarkin Fargaba Ko da Ba Ka Iya Komai Ba

Duk mai shirya fim a birnin Yogya yana rantsuwa da tsohon Baturen nan da ya koya wa duniya cewa jiran mari ya fi marin zafi. Ni ba wanda ya koyar da ni, finafinansa na kalla har kaset ya tsinke. Bi matakan nan. In ba a kira ka magajinsa ba, zo ka tsine mini.

1. Samo tsohon gida.
Fargaba ba ta zama a sabon gini. Abokina Harjo ya samu nasa wurin Mbah Sarinem, tsohuwa mai baƙin gidan katako da ke kuka ko kyanwa ce ta taka. Ta ce ba ta son haya, a dai girmama ta. Harjo ya ɗauka araha ya samu.

2. Kowa ya sani, ban da wanda abin zai faɗa wa.
Nan asirin sana'ar yake. Ranar walimar fara ɗauka aka girke tulin shinkafa rawaya, kuma wanda aka miƙa wa tsininta shi ne babba a wurin. Harjo ya riga ya raɗa wa ma'aikata cewa na Pak Darmadi ne, surukinsa mai ɗaukar nauyin fim ɗin. Tsohuwar kuwa ta ci kwalliya ta zauna a gaba. Na daɗe ina tambayar kaina wa ya fi laifi, Harjo mai yankan tsinin ko mu da muka zuba ido muna jira. Shinkafar dai ta yi daɗi.

3. Ja lokaci.
Ɗaga cokali, yi jawabi, gyara murya. Harjo ya dubi Mbah yana murmushi har ta fara miƙo hannu, sai faranti ya wuce ta.

"Ci, Pak, ci abinka," in ji ta. "Mu ina muka ga haƙora?"

4. Ji tsoron wanda bai yi fushi ba.
Kullum sai ta buɗe musu ƙofa, ta dafa shayi, ta tambayi saura nawa a gama ɗauka. Harjo ya fara ramewa. Da zaginsa ta yi, da ya huta. Ya kai mata kaza, ta soya ta raba wa ma'aikatansa. Da ya rage fitowar ƙarshe, inda za a ga fuskar mai kisan cikin fim ɗin, wato Pak Darmadi da kansa, wanda don ita kaɗai ya saki aljihu, sai suka tarar an shafe gidan ciki da waje da fenti ruwan hoda.

Mbah ta ce, "Jikata ce za ta yi aure, ɗan nan. Ka ƙarasa a gidan surukinka mana, ai babba ne."

5. In ƙarshe ya gagara, ce da gangan ne.
Haka Harjo ya saki fim ɗin, ba mai kisa. Masu sharhi a Jakarta suka ce tun bayan tsohon Baturen ba a ga wanda ya rataye zukata haka ba. Har kyauta aka ba shi.

Sai dai ka sani, ba ruwana da abin da zai biyo baya. Pak Darmadi ya ɗauki hayar bas, ya kwaso danginsa su ga fuskarsa a majigi. Tun ranar matar Harjo take gidan ubanta, wai za ta dawo in an sa ƙarshen.