Shuɗin da Ofis Ya Yarda da Shi

Ƙarfe takwas da kwata na safiyar Talata, ina durƙushe a shagona na kwance cikin wata fanka da mai ita ya rantse jiya-jiya tana juyawa, sai inuwa ta tare mini haske. Na ɗaga kai. 'Yata ce, wadda duk layinmu ke kira Injiniya, don tun tana 'yar shekara bakwai take kwance rediyon mutane ta mayar ba a bar ƙusa ko ɗaya a ƙasa ba. Jaka a kafaɗa, ido ya kaɗa ya yi ja.

"Lafiya? Ba yau ce jarrabawar ba?"

"An koro ni, Baba."

"Me kika yi?"

"Wai rigata ba shuɗiya ba ce."

Na dubi rigar. Jama'a, ban yi zurfi a boko ba, amma na san shuɗi idan na gan shi. Rigar nan shuɗiya ce, a wanke, a goge, karinta kamar ya yanka yatsa.

Ku fahimci abin da ke gabanmu. Ƙarfe goma daidai za a zauna jarrabawar da ke tantance 'yan matan da za su shiga ajin kimiyya. Sau ɗaya ake yin ta, babu ta maimaici. Wadda ba ta zauna ba, duk inda aka jefa ta nan za ta ƙare. Wata uku yarinyar nan tana cin abinci da littafi a cinya saboda wannan rana.

Kafin maƙwabta su riga ni, bari in tona wa kaina asiri. A taron iyaye da malamai na watan jiya, da shugabar makaranta ta ce an turo sababbin dokokin tufafi daga sama, wa ya miƙe tsaye? Ni. Na gyara hula, na ce yaran yanzu sun lalace, na ce mu a zamaninmu maɓalli ɗaya ya ɓalle sai ka kwana uku ba ka zauna da daɗi ba. Na ce a tsananta, kada a saurara wa kowa, ko 'yar wane ne. Aka yi mini tafi. Na dawo gida ina jin kaina kamar wanda ya ceto al'umma.

Na ja ƙofar shago, na ɗora Injiniya a bayan tsohon babur ɗina, muka tasar wa makaranta.

Bakin ƙofa ya cika kamar ana rabon kaya. 'Yan mata goma sha tara har da tawa a tsaye cikin rana, iyaye na ta ƙaruwa. A tsakiyar ƙofa malamar ladabtarwa ce, tabarau a kan hanci, fuska ba annuri. A hannunta wani ɗan kwali, an manna masa ƙyallen yadi da bai fi tafin hannun jariri ba, da hatimi a ƙasansa. Kafin ƙarfe tara har yara sun raɗa mata suna Malama Ƙyalle. Duk yarinyar da ta zo, sai ta ɗora kwalin a kafaɗarta, ta karkata kai, ta duba. Ya yi daidai, wuce. Bai yi ba, koma gefe.

Na matsa cikin ladabi. "Malama, barka da aiki. Ni ne mahaifin wannan."

"Na gane ka. Kai ne ka ce a tsananta."

"Haka ne. To amma ai rigar shuɗiya ce."

"Shuɗiya ce, ba a musu. Sai dai ba shuɗin ofis ba ne." Ta ɗora ƙyallen. Gaskiya ɗaya ce, na 'yata ya ɗan fi haske. "Ka gani? Ta koɗe."

"Wanki ne, Malama. Uwarta duk kwana biyu sai ta wanke ta shanya."

"To ka ce ta rage."

A nan nake so in tsaya in jinjina wa Mai Girma Uban Launi, wanda ke zaune a can hawa na uku na wani babban ofis, inda labule ba ya barin rana ta leƙo. Ranka ya daɗe, Allah ya ƙara basira. An ce kwamiti ka kafa, suka tare a otal mako guda suna kallon shuɗi iri goma sha biyu har suka fitar da gwani. Aka yanka shi gutsi-gutsi, aka zuba a ambulan, aka raba wa makarantu. Ƙyallen nan bai taɓa ganin sabulu ba, bai taɓa hawa igiyar shanya ba, bai san gumin yarinya mai tafiyar ƙasa ba. Da shi za a auna rigar da ta shekara biyu tana aiki. Wannan tunani ba na ƙananan mutane ba ne. Mu da muke ƙasa hankalinmu bai wuce tagogin aji da ba su da gilashi ba, da bencin da 'yan mata huɗu ke matsuwa a kai, da ɗakin gwaje-gwajen da famfonsa ya daina zubar da ruwa tun ina da baƙin gashi. Ashe duk wannan ba shi ne ciwon ba. Ciwon yana kafaɗar riga.

Iyaye kuwa kowa da nasa karatun. Maƙwabcina Mahauci ya harɗe hannu a ƙirji yana murmushi, don tasa 'yar ta wuce tun da sassafe.

"Ni dai ban ga laifin malama ba," in ji shi. "Yau ka bar riga ta koɗe, gobe hali ne zai koɗe. Baban Injiniya, ba kai ka faɗa mana haka ba?"

"Ban ce launi ba."

"Ka ce ko 'yar wane ne."

Wani direba ya ce shi ba ya ƙin horo, a sa su shara, a sa su tsallen kwaɗo bayan jarrabawa, amma a bar su su rubuta. Wani dattijo ya ce a zane su bulala bibbiyu a wuce wurin, shi bulala ce ta mai da shi mutum. Aka tambaye shi aikinsa, ya ce yana nema.

Hajiya Mai Markaɗe, wadda injinta ke tashin layinmu kullum, jikokinta biyu na cikin korarrun. Ta dubi Mahauci sama da ƙasa.

"Kai da kake cika baki, ina ka samo yadin?"

"Shago ɗaya ne ke da shi, can bayan tasha."

"Na wa?"

Mahauci ya sosa ƙeya. "An ce na ƙanin matar wani ne."

"Ƙarfe nawa yake buɗewa?"

"Sha ɗaya."

Na dubi agogo, tara saura biyar. Na dubi Injiniya, ta juya fuska ga bango don kada in ga hawayenta. Na koma wurin Malama Ƙyalle, na roƙa, na haɗa ta da Allah, na ce a rubuta sunana ni a hukunta ni. Ta zaro takarda daga jaka ta nuna mini layin da aka ja wa jan biro: duk malamin da ya bar riga ta wuce ƙofa ba a gwada ba, shi zai amsa tambaya. Ta ce ita ma 'ya'ya gare ta. Shugabar makaranta kuma tana can babban ofis, taron bitar yadda dokar ke tafiya.

Muna cikin haka sai muka ji wata murya daga bayan katanga, ta wajen lungun da ake zubar da shara.

"Injiniya! Ke Injiniya! Zagayo!"

Muka zagaya, ni da ita da Hajiya Mai Markaɗe. Kafin mu ce wane ne, wani abu shuɗi ya taso ta saman katanga ya faɗo mini a ka. Riga ce. Sabuwa fil, shuɗin ofis.

'Yar Mahauci ce ta jefo. Ashe yadin da kwamiti ya zaɓa shara-shara ne, ana ganin mutum ta cikinsa, shi ya sa uwarta ta sa ta saka tsohuwar rigarta a ciki. Ta cire ta saman, ta zauna da koɗaɗɗiyar, ba wanda ya ce mata uffan. A ƙofa ake gwaji. Takardar ba ta ce komai a kan cikin makaranta ba.

Idon Hajiya ya yi wani irin ƙyalli. Nan take ta zama kwamanda. Ta tara mata huɗu suka buɗe mayafai suka yi ɗaki a lungun. Yarinya za ta shiga, ta ɗora rigar a kan tata, ta zagaya ƙofa a gwada ta, ta wuce bayan azuzuwa, ta cire, ta jefo. Saura mai cafkewa.

"Baban Injiniya, kai ne dogo. Tsaya nan."

"Hajiya, ni fa a gaban jama'a na ce..."

"Mun ji abin da ka ce. Buɗe hannu."

Na buɗe. Amma don kada mutuncina ya zube gaba ɗaya, sai na ce to a bi tsari, a yi layi, wadda ta riga zuwa ita ce gaba. Na manta tawa ta je shago ta dawo. Ita ce ta goma sha tara.

Ku zo ku ga aiki. 'Yar Mahauci yarinya ce mai jiki, an kuma ɗinka rigar da rarar shekara biyu. Wata 'yar firit ta saka, hannun ya wuce yatsunta, gindin na share ƙasa, ta tafi tana tattare shi kamar mai tsallaka ruwa. Malama ta ɗora ƙyalle, ta ce wuce. Minti uku, riga ta dawo ta sama. Na cafe, na miƙa. Ta biyar, ta tara, ta sha biyu. Gumi ya jiƙa ni, ya jiƙa rigar. Mahauci ya leƙo lungun, ya ga rigar da ya saya tana shawagi, ya buɗe baki zai yi magana. Hajiya ta ce, "In ka tona, 'yarka ce ta fara." Ya rufe bakin, ya koma bakin lungu yana yi mana gadi.

Goma saura minti bakwai, ta goma sha takwas ta jefo. Rigar ta tashi, ta buɗe a iska, ta sauka a kan fasassun kwalaben da aka dasa a saman katanga. Ta tsaya cak.

Injiniya ta ɗora hannu a ka. Na jawo babur na jingina da bango, Mahauci ya riƙe, na taka sirdi na miƙe. Yatsuna suka kai ga gefen rigar. Na ja a hankali, ta ƙi. Aka buga ƙararrawar farko a ciki. Na rufe ido na fizga. Ƙyaaat! Na sauko da riga a hannu, rabin hannunta na hagu ya zauna a sama yana kaɗawa.

Ba lokacin allura. Ta zura ta haka nan, muka ruga ƙofa tare, ina haki, tafin hannuna na jini.

Malama Ƙyalle ta dubi yarinyar. Ta dubi guntun hannun, inda koɗaɗɗiyar rigar ke leƙowa ƙiri-ƙiri. Ta dube ni. Ta daɗe tana dubana. Sannan ta zagaya ta ɗora kwalin a kafaɗar dama.

"Ya yi daidai. Wuce. Ki yi gudu, ɗaki na uku."

Injiniya ta arce. Malama ta mayar da kwalin cikin ambulan, ta yi ƙasa da murya.

"Akwai ɗigon tawada a aljihun rigar nan. Sau ashirin ke nan ina gaisawa da shi yau."

"Malama, wato..."

"An ce in gwada launi. Ba a ce in ƙirga riguna ba. Da kun ƙara sauri ma da na samu na karya kumallo."

Kafin azahar labari ya iso mana cewa an aika wa babban ofis rahoto: a makarantarmu kowace ɗaliba ta shiga da shuɗin da aka amince da shi, ba a samu ko ɗaya da ta saɓa ba. Ina taya Mai Girma Uban Launi murna. Doka ta yi aiki ɗari bisa ɗari, kuma ina cikin waɗanda suka ɗauke ta da hannunsu.

Da la'asar Injiniya ta shigo shago tana tsalle. Ta amsa tambayoyi duka, har da wadda ta ce ta kayar da rabin aji. Ta zauna tana ɗaure mini hannu da tsumma mai tsabta, can sai ta ɗago kai.

"Baba, abin da muka yi yau, maguɗi ne ko biyayya?"

Na ce ta je ta tambayi uwarta. Uwar ta ce ita wanki kawai ta sani, kuma an ce shi ma laifi ne, a koma wurin mai jawabi a taron iyaye. Yarinya ta dawo ta tsaya a kaina, har yanzu tana jira.

Ranka ya daɗe Uban Launi, ni gyaran fanka na iya. Ga tambayar nan na jefo maka ta saman katanga. A kula da kwalabe wajen cafkewa.