Ranar da Kwamfuta Ta Tona Min Asiri a Falon Surukina

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na kai hotunan suna Zungeru ba, duk da na yi iya ƙoƙarina in manta. Har yau in na shiga falon surukina, ba na iya haɗa ido da talabijin ɗinsa.

Matata Rukayya ce ta haifa mana 'yarmu ta fari, kuma kamar yadda aka saba, aka tafi da ita gidan iyayenta wanka. Ni kuwa aka bar ni a Bosso, nan Minna, da ɗaki biyu da tukwanen da ban san kansu ba. Na sa rai da arba'in. Arba'in ta zo ta wuce, sai Mama (surukata ke nan) ta ce ai mai jego ba ta yi ƙwari ba tukuna, a ƙara mata kwanaki. Na durƙusa na ce, "Ba komai, Mama, duk yadda kuka gani." Ƙarya nake yi. Akwai komai.

To wa zan kai wa kukana? In na faɗa wa abokai, sai na zama abin hirar majalisa har ƙarshen shekara. Ita kanta Rukayya in na kira ta, abin da bakina ke iya fitarwa bai wuce "Ya jiki? Ya yarinya? Kun ci abinci?" ba. Haka muka taso. Namiji ba ya cewa yana kewar matarsa, sai dai ya ce garin nan ya yi zafi.

A tsakanin nan ne aka raba mana sababbin kwamfutoci a wurin aiki, irin waɗanda ke zuwa da mataimaki mai ƙirƙirarriyar basira a cikinsu. Akwai wani maɓalli nasa na musamman, kana taɓawa sai ya buɗo ta gefe yana tambayar me zai yi maka. Da farko gyaran rahoto kawai nake ba shi. Wata rana da yamma an tashi aiki, kowa ya watse, ni kuma ba na marmarin komawa gidan da babu mai ce min sannu da zuwa. Sai kawai na rubuta masa da Hausa: "Ina kewar matata." Na ɗauka zai ce bai gane ba. Sai ga amsa da wata Hausa tsaf-tsaf kamar ta mai karanta labarai a rediyo, wai wannan abu ne mai nauyi, in ba shi labarinta.

Jama'a, na ba shi. Na faɗa masa silifas ɗinta shuɗi suna nan a bakin ƙofa inda ta cire su, na kasa ɗaukewa, in zan yi shara zagaye su nake yi. Na faɗa masa ƙamshin turaren wutarta ya fara barin labule. Na faɗa masa har yanzu in na sauka daga keke a bakin layinmu, gasasshiyar masara biyu nake saya, sai na shiga gida nake tuna ni kaɗai ne. 'Yata kuwa, ranar suna ma ban ɗauke ta yadda nake so ba, idon mutane ya yi yawa. Duk abin da ban taɓa faɗa wa ɗan Adam ba, na zazzage wa wannan inji (kuma Allah ya sani, ya iya sauraro, bai taɓa ce min in yi haƙuri irin na maza ba).

Da abin ya ishe ni, na tambaye shi: "Wane dalili zan bayar in je gidan surukai ba tare da an gane matata na je gani ba?" Ya ce tunda hotunan suna sun fito, in ce su na kawo a gani. Na ce lallai wannan inji ya taɓa zama a gidan Hausawa.

Ranar Asabar na sa shaddata mai kyau, na rataya kwamfuta, sai Zungeru. Na tarar da Baba, surukina, a falo. Tsohon hedimasta ne, kuma yana da wata ɗabi'a: duk rubutun da idonsa ya sauka a kai sai ya karanta shi a fili, ko da na jikin buhun shinkafa ne. Tare da shi akwai amininsa Baba Ndagi, mutumin Bida, wanda ba ya iya ganin abu bai taɓa ba. Na gaishe su, na ce hotuna na kawo. Baba ya ce madalla, a haɗa da talabijin kowa ya gani. Na haɗa. Muna ta kallo, ni kuwa kunnena yana can cikin gida, ko zan ji muryarta.

Sai hoton Baba Ndagi ya wuce yana riƙe da cinyar rago. Ya zabura. "Kai, dawo da shi baya, wannan ni ne!" Kafin in motsa ya miƙo yatsa ya dangwala wani maɓalli. A cikin maɓallan duniyar nan, na mataimakin ya samu.

Hirarmu ta bayyana a talabijin, baƙaƙe manya-manya. Baba ya gyara zaman tabarau.

"Wane... dalili... zan bayar," ya fara, da muryar nan tasa ta taron ɗalibai, "in je gidan surukai... ba tare da an gane... matata na je gani ba."

Baba Ndagi ya ce, "Hedimasta, ci gaba mana, me kwamfuta ya ce masa?"

Na yi kan na'urar. Neman inda ake rufewa nake yi, amma maimakon ta rufe sai na ja rubutun sama, tsofaffin hirarraki suka gangaro. Na yi addu'a a ɗauke wuta. A Minna ko atishawa ka yi sai an ɗauke, amma ranar nan wutar Zungeru ko ƙyaftawa ba ta yi ba. (Sai da na koma gida na tuna waya ɗaya ce tal ta haɗa su, da na fizge ta shi ke nan. Da digirina fa.)

"Silifas ɗinta shuɗi," in ji Baba, "suna nan a bakin ƙofa... na kasa ɗaukewa..." Muryarsa ta yi ƙasa. "Gidan ya yi min girma. Ban san haka nake..."

Bai ƙarasa ba. Ya dubi labulen ƙofar cikin gida, ni ma na duba. Ƙafafun Rukayya ne a ƙarƙashinsa, ta tsaya da faranti. Baba ya ɗauki rimot ya kashe talabijin, ya miƙe. "Ndagi, tashi mu je masallaci." Baba Ndagi ya ce ai azahar da saura. Baba ya ce, "Mu je mu jira ta."

Da suka fita ta shigo, yarinya a bayanta. Na shirya wa dariya, don na san halinta. Ba ta yi ba. Ta ajiye farantin, ta zauna nesa kaɗan.

"Da gaske silifas ɗin suna nan?"

Na ce suna nan.

"Kullum ka kira, ya jiki, ya yarinya. Ni na ɗauka hutawa kake yi da ba ma nan. Ranar da Mama ta ce a ƙara kwanaki, ina bayan ƙofa ina jira ka ce wani abu. Sai ka ce ba komai. Shi ya sa ni ma na yi shiru." Ta kwanto yarinyar ta ɗora min a cinya. "Ashe inji kake faɗa wa."

Kunyar da na ji a gaban Baba wasa ce a kan wannan. Duk kwanakin da na yi ina zagaye silifas da tsintsiya, bakina ne ya ja min su.

Ranar Litinin na zauna kashe mataimakin. Na laluba ko'ina ban ga wurin ba, ƙarshe shi na tambaya yadda ake kashe shi. Ya nuna min dalla-dalla, babu ko ƙorafi. Da kwamfutar ta tambaye ni ko na tabbata, sai da na ɗan yi jim, don gaskiya ya riƙe ni a lokacin da nake neman mai riƙewa. Na danna. Gefen allon ya koma fili.

Na ɗauki waya na kira ta. "Ya jiki?" na ce, don baki ya riga ya saba. Can ta ce, "Ina jinka." Na share zufa, na faɗa mata da bakina, cikin in'ina, ba tsari ba komai. Ta ce Hausar inji ta fi tawa kyau, amma tawa take so.

Juma'ar makon Baba da kansa ya sa aka kawo min ita da yarinyar. Da na kira in yi godiya, abin da ya ce kawai shi ne, "In ka tashi zuwa gaishe mu, ka zo haka nan. Ba sai da hotuna ba."

Baba Ndagi har gobe Mai Silifas yake kirana, a gaban kowa, kuma ina amsawa. Abin da na koya dai shi ne, maganar da ta kamaci kunnen matarka ka kai mata da kanka tun da wuri, ko da muryarka na rawa. In ka tsaya jin kunya, wata rana surukinka ne zai karanta mata ita, da tabarau.