Fasfo da Funkaso

"...Da iyali?"

"Ke ce iyalin, ga ki tsaye kamar taɓarya. Sai yau kika tuna kina da miji?"

"Mijin da ko sabulu bai taɓa saya mini ba? Ina kwana, Gidaɗo. Ya cikin?"

"Ki tambayi gona, ki tambayi makaranta. Cikina ki bar mini abina."

Duk faɗin Kurmin Kogi mutum ɗaya ke kiran mahaifinmu da sunansa gatsau haka, wato Badi'a, 'yar yayana Inuwa. Jika ce, ba mai hana ta. Ni Ummulhairi ina bakin madafa ina tsince shinkafa, kuma na san abin da ya kawo ta.

Baba ya daɗe yana fama da ciki. Kumburi, gudawa, rama, har babbar rigarsa ta koma kamar an rataye ta a ƙusa. Aka ce basir ne, aka ce shawara ce, ba saiwar da ban jiƙa ba. Sai a Zariya likita ya gano hanjinsa ne ba ya shiri da alkama, ko ƙanƙani. Ba burodi, ba taliya, ba duk abin da fulawa ta taɓa, har iyakar rayuwa. Da ya bari, wallahi kumatu suka dawo. Amma ya hana a gaya wa kowa, wai namiji ba ya tallan cikinsa. Sannan Baba bai iya ƙin abincin mutane ba. A gida ni ke tsaron tukunya, amma da zarar an ce masa bismillah a waje, shi ke nan. Kwanan baya ya ci alkaki a wajen wani suna a Makarfi, ni na san wankin da na sha.

Yanzu Inuwa ya biya masa Umara, abin da yake roƙon Allah tun muna yara, kuma ayarinsu ya kusa tashi. Sai dai Inuwa ya damƙa fasfon a hannun Badi'a, da yake aikin jinya take karantawa. Ya ce kada ta ba shi sai ta ji da kunnenta ya iya cewa "ba na ci". In ya kasa, a ɗaga tafiyar zuwa baɗi, lokacin da Inuwa zai samu hutu ya raka shi. Baɗi kuwa, ga wanda ya haura tamanin, ba wanda ya isa ya yi masa alkawarinta.

Badi'a ta zauna a gefen buzunsa, ta ciro burodi daga jaka ta ɗora a faifai.

"To, muna cikin jirgi. Ni ce mai raba abinci."

"Da wannan goshin? Jirgin ba zai tashi ba."

"Zai tashi, tunda ya iya ɗaukar kunnuwanka. Alhaji, ga abinci."

"Allah ya yi albarka," in ji Baba, ya miƙa hannu biyu.

Ta janye faifan. "An sauke ka tun a Kano."

"Karɓa na yi, ban ci ba."

"In ta tsaya tana kallonka fa?"

"Sai in ɗan gutsura, kada ta ce mutanen Ikara ba su da tarbiyya."

"Ɗan gutsuren nan ne ya kwantar da kai bayan sunan Makarfi."

"Rana ce ta buge ni."

"Gwaggo!" ta ɗaga murya. "Wai rana ce?"

Na ci gaba da tsintar shinkafata. Ni 'ya ce, ba jika ba, bakina bai kai nan ba.

"Kin ga ko ita ta fi ki hankali," in ji Baba. "Na sake ki, saki ɗaya. Ki bar mini fasfo ki tafi gidanku."

"Wannan shi ne saki na nawa tun ƙaramar salla? Ba inda za ni. Ba a fafe gora ranar tafiya, yau za ka koya. Mun sauka, muna masauki. An kawo wani abu mai tururi, kamar faten tsaki."

"Alhamdu lillahi. Fate ai masara ce."

"Na gidanku ne na masara. A can alkama suke ɓarzawa."

"To a ba ni miya in sha."

"Wata miyar da fulawa ake ɗaure ta."

"Kaza fa? Ko ita ma a gonar alkama aka haife ta?"

"In an mulmula ta a gari aka soya, ba ruwanka da ita."

"To me ya rage mini, iska?"

"Farar shinkafa. Gasasshen nama. Dafaffen ƙwai, madara, ayaba, dabino sai ka ture. Ga guzurin da Gwaggo ta haɗa maka, dakuwa da ƙuli-ƙuli da garin kunu."

"Ki tura ni ƙasa mai tsarki da ƙuli-ƙuli, kamar mai zuwa kasuwar Ikara!"

"Kai da ƙulin ban san wanda ya fi wani bushewa ba."

Baba ya gyara zaman rawaninsa, ko murmushi babu. "Yarinya, na karantar da Larabci tun ubanki bai san hannun damansa ba. In na ga abinci sai in tambayi mai dafawa."

"Larabcinka na littafi ne. Kana buɗe baki zai ajiye ludayi ya zauna, ya ɗauka huɗuba ce."

"Zai ƙaru."

"Tambaya ba ta gagare ka ba, tsoho, ƙi ne ya gagare ka. Ka ce 'ba na ci' in ji."

"Ba a mayar da hannun kyauta baya."

"Ka ce dai in ji."

"Ba na... jin yunwa yanzu, amma a ajiye."

"Inna lillahi! Mutum ya haddace izu sittin, kalma uku ta fi ƙarfinsa."

Na so in yi dariya, amma raina a ɓace yake. Ni ce zan zauna a gida ina jiran waya, ina tunanin ko yana ɗaki a kwance babu mai miƙa masa buta.

Badi'a ta matso da faifan, ta sassauta murya. "To ga ta ƙarshe. Kana Madina, ka idar da salla a masallaci. Wani dattijo ya zo ya zauna kusa da kai, ya karya burodinsa biyu, ya miƙa maka rabi. Sadaka."

Baba ya ɗago ya dube ta. Wannan karon babu wasa a fuskarsa.

"A Madina?"

"A Madina."

"Ni Gidaɗo in ƙi abincin maƙwabtan Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam? Da wane bakin?"

"Da wanda za ka yi nishi da shi washegari. Mutane na can suna ibada, kai kana safa da marwa tsakanin gado da banɗaki."

"Ke ba ki san abin da kike faɗa ba," in ji shi, yana kallon burodin. "Mahaifina ya ce mini malami ba ya ƙin abincin da aka kawo masa. Na ga gidan da aka kwana da yunwa don a kawo wa malam akushi. In na ture, mai shi ba zai ce ciwo ba ne, cewa zai yi na raina talaucinsa."

"To waɗanda suka kwana da yunwar, don ka mutu suka kawo?"

"Don in sa musu albarka."

"Albarkar a bakinka take ko a hanjinka?"

Ya kau da kai gefe. Na ga ta rufe jakarta ta ɗora a cinya, kuma fasfon yana ciki. Tausayinsa ya kama ni, har na ji haushin Inuwa da ya kafa wannan sharaɗi, duk da na san gaskiya ce.

Ana cikin haka muka ji sallama. Tukur ne daga Paki, aminin Baba tun suna samari, ya jingine kekensa ya shigo riƙe da kular abinci. Aka gaisa, aka tambayi gida da gona da ruwan bana, aka sake gaisawa.

"Mai ɗakina Zulai ce ta ji za ka tafi," in ji Tukur. "Tun da ta idar da sallar asuba take tuya. Ta ce wannan na bankwana ne, kada kowa ya taɓa sai Malam."

Ya buɗe kula. Funkaso ne, manya-manya, ga miyar taushe a gefe. Funkaso kuwa alkama ce zalla. Ƙamshin ya iso har madafa. Tukur ya jawo buta ya zuba wa Baba ruwa a hannu da kansa.

"Bismillah, Malam."

Na dubi Badi'a, ina jiran ta yi magana. Yarinyar da bakinta ba ya hutawa sai ta sunkuyar da kai tana wasa da igiyar jaka.

Hannun Baba ya tafi. Wallahi na ga yatsunsa sun kusa taɓa funkason. Sai ya tsaya, ruwa na ɗiga daga hannun. Ya dubi kular, ya dubi jakar Badi'a.

"Tukur."

"Na'am, Malam."

"Ka yi mini afuwa. Ka roƙi Zulai ta yafe mini." Ya janye hannunsa. "Ba na ci. Likita ya hana ni alkama. In na ci wannan, ba zan je ba."

Baba ya sunkuya kamar wanda ke jiran hukunci.

"Af!" in ji Tukur. "To ka faɗa mana tuntuni!"

Ya jawo kular gabansa, ya naɗe hannun riga. "Da ma tun daga Paki ƙamshin nan ke bina, matar nan ta ce in na taɓa ba ta yafe ba. Ni ko karin kumallo ban yi ba." Ya yi bismillah, ya shiga aiki. Bai ɗago ba sai da ya suɗe miyar tas. Ya yi gyatsa, ya yi hamdala, ya ce gobe Zulai za ta aiko da fura, tunda gero bai yi wa kowa laifi ba. Ya roƙi a sa shi a addu'a a gaban Ka'aba, ya hau kekensa ya tafi.

Baba ya daɗe yana kallon ƙofar.

"Kin gani?" ya ce wa Badi'a. "Ko lallashi. Ko 'ɗan taɓa mana, Malam'. Ina ta kwanciya ciwo don kada ran irin waɗannan ya ɓaci, ashe jira suke in janye hannu."

"Ka ga yadda ya suɗe kwano? Ransa ya ɓaci ƙwarai."

"Ya ci amanar abota."

"Ya ci funkaso dai." Ta tura masa faifan burodin nan. "To ni ka ci nawa, mu shirya. Matarka ce ta kawo."

"Ba na ci, mummuna."

"Ɗan gutsure."

"Ba na ci. Ki kai wa Tukur, bai yi nisa ba."

"A Madina fa?"

"In karɓa da hannu biyu, in sa masa albarka, in gaya masa cikina ba ya ɗauka, in miƙa wa na kusa da ni. Allah ba zai hana ni wani Tukur a can ba."

Nan Badi'a ta fashe da dariya, har da riƙe ciki. Ta buɗe jaka ta ciro fasfon, ta durƙusa sosai, irin durƙuson da ban taɓa ganin ta yi masa ba, ta miƙa masa.

Ya karɓa da hannu biyu. Ya buɗe, ya tsura wa hotonsa ido, ya shafa shi da ɗan yatsa. Sai ya ja gefen rawani ya goge ido, ya ce hayaƙina ne ya dame shi, alhali ban ko hura wuta ba.

"To," ya ce. "Na mayar da ke ɗakinki. Me zan kawo miki tsaraba?"

"Ba na son zobe, ba na son turare. Ka dawo mini da mijina da nauyinsa yadda na ba da shi. Zan auna."

"In ban samu Balarabiya ba."

"Wadda za ta riƙa ba ka burodi safe da yamma?"

Ya yi ɗan tunani. "Na fasa. Ke ɗin dai, da goshinki."

Ya zura fasfon a aljihun gaba, ya dafe shi da tafin hannu, bai ɗauke ba. Sannan ya juyo wajen madafa ya ɗaga murya.

"Ummulhairi! Shinkafar nan sai yaushe? Mutum ya wuni yana ƙin abinci, ai ya ji yunwa."