Yadda Za Ka Cinye Kifin Surukarka Ka Ɗora wa Beyar

Ka yi wa kifin da surukarka ta banda don hunturu ɗauki ɗaiɗai har ka ci rabi? Kwantar da hankalinka. Hanyar nan ba ta taɓa ba da kunya ba. Maƙwabcina Wendell ya bi ta a nan Alaska, kuma har yau yana da aure.

1. Duba wata tukuna. Baƙin beyar, ƙaton naman dajin nan mai gashi da farata, yana kwanciya da shigowar sanyi, ba ya tashi sai ƙanƙara ta narke. Wanda ya ɗora masa laifi a Janairu ya tona wa kansa asiri. Kwaɗayinka ya jira Satumba, lokacin da yake ci ba ji ba gani don tara kitse.

2. Yi ɓarna irin tasa. Beyar ba ya tsince ƙaya ya jera a faranti. Ɓalle sakatar ɗakin banda, kifar da bokiti. Ka wanke gemu da sabulu.

3. Shirya labari. Kada ka ce ka gudu ko ka hau bishiya, duk ya fi ka iyawa. Ka ce ka ɗaga hannuwa, ka daka masa tsawa. Haka Wendell ya faɗa wa surukarsa Opal.

"Na rantse, Mama, ya kai tsayin ƙofar nan!"

Tsohuwar ta kalle shi sama da ƙasa. "Shi ne ya wuce zumar da ke gefe bai taɓa ba? Bawan Allah, ko ciwon suga gare shi?"

4. Ƙara shaida. Da Wendell ya ga ba ta yarda ba, sai ya watsa fatun kifi tun daga ɗakin banda har bakin daji. Washegari da hantsi beyar na gaskiya ya biyo ƙamshi, ya tarar da ƙofa a ɓalle, ya share sauran kifin, har da zumar. Opal ta gani da idonta ta taga.

"Yafe mini, ɗana, na zarge ka a banza."

5. Ji daɗin nasara. Beyar ba ya manta gidan da ya ƙoshi. Yanzu duk zuwansa, Opal takan buɗe wa Wendell ƙofa cike da alfahari.

"Fita, jarumina, ka yi masa tsawar nan taka."

Gargaɗi: ni shawara kawai na bayar. Idan aka tura ka waje, kada ka nufo gidana, ƙofata a kulle take.