Allurar da Ta Tona Asirin Kaka Odessa

"…Lafiya lau, in ban da ganin gashin nan naka kamar sheƙar ungulu," in ji Kaka Odessa, tana gyaran ganyen miya, ko ɗagowa ba ta yi ba.

Jikanta Lemuel ya shanye gorin. Ranar Asabar wasu makaɗan jaz za su gwada shi a nan Detroit, ga shi ba shi da ƙahon busawa. Na marigayi kakansa Cleophus kuwa yana kulle a kabad, mabuɗin a wuyan tsohuwa, ta rantse ƙahon mijinta ba zai yi kiɗa da kayan lantarki ba. Shi ya sa ya zo da sabon faifai na irin kiɗan don ya shawo kanta, ya ɗora a garmaho.

"Saurara, tsohuwa, in da sauran kunne."

"Kunnen da kukanka ya kashe? Wai! Mene ne wannan, firji ne ya lalace?"

"Fiyano ne mai lantarki."

"Allah ya sa a yanke musu wuta."

"Ji busar dai. Irin ta mijinki ce sak, riga kawai ta sake."

"Rufe min baki! Cleophus in ya busa, mata har takalmi suke mantawa a gidan rawa. Kai ko miya ka hura sai ka yi haki."

Sai allurar garmahon ta yi tsalle.

"Ka gani? Ruɓaɓɓe suka sayar maka. Mayar musu."

Lemuel ya duba. Faifai sabo fil, ko ƙwarzane babu! Ya mayar da allura, ganga ta shigo, ƙaho ya hau sama, allura ta sake tsalle. Can ya tuna daɓen gidan na katako ne, tun yana yaro ake hana shi gudu in garmaho na yi. Ya leƙa ƙarƙashin tebur. Ashe diddigen tsohuwa ke dukan katako, dum, dum, daidai da ganga.

"Kaka, faifai lafiyarsa ƙalau. Ƙafarki ce ta ci amanarki."

"Sanyin ƙashi ne, mara kunya!"

"Sanyin ƙashi mai bin ganga? Ara min shi ranar Asabar, ya fi ni iya kiɗa."

Dariya ta ƙwace mata har da hawaye, sai da ta goge da bakin zani. Ta ciro mabuɗin ta wurga masa.

"Ɗauka, ja'iri. Tun da mai shi ya tafi ƙahon yake kwance shiru, ni ma shirun ya ishe ni. Amma ɗora ƙwandalar senti biyar a kan allurar nan ta yi nauyi ta zauna, ka sako shi daga farko. Ƙafata ba ta gama ba."